Tsohon wasan tseren mota ya ƙi tashi a sabuwar Windows: gyara, saye, ko komawa tsohuwar kwamfuta?

Ɗan ƙanena ya shigo shago bayan azahar, laftof a hammata, fuska a murtuke. Ya samu gurbin karatu a Dutse, mahaifinsa ya yi ta maza ya saya masa kwamfuta mai Windows 11, shi kuwa abin da ya fara faɗo masa a rai ba karatun ba ne, wasan tseren motar da ya taso yana gani a shagona ne.

"Baffa, na aro na'urar faifai ta waje na jona. Ya ɗoru lafiya lau, amma na danna na danna ya ƙi tashi."

"To ai kai ma da za a tashe ka daga barcin shekara 20, sai ka yi gardama kafin ka miƙe."

Wasan shi ne GT Legends, na motocin tseren shekarun 1960 da 1970, wanda kamfanin SimBin na ƙasar Suwidin ya fitar a 2005. Ban saye shi ba. A cikin katon ɗin wata kwamfutar tebur tokumbo na tsince shi, ƙarƙashin wayoyi, da kwalinsa da komai, mai ita na farko ya manta. Daga nan na kamu, na shiga neman 'yan uwansa: Richard Burns Rally na 2004, GTR 2 na 2006, har da kakansu Grand Prix Legends na 1998. Shagona na gyaran kwamfuta da cajin waya ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma tambayar yaron nan an sha yi mini ita, har da masu Need for Speed. Hanyoyin fita guda biyar ne, kowacce da wanda ta dace da shi.

Kafin magani, a san ciwon

Yawancin masu zuwa wurina sun riga sun ƙona data a kan maganin ciwon da ba shi ke damun wasansu ba. Ciwon iri uku ne.

Na farko, mashigi. Wasannin ƙarshen shekarun 1990 da yawa manhajar da ke ɗora su ƙirar 16-bit ce, ko da shi wasan kansa 32-bit ne. Windows mai 64-bit ba ta karanta 16-bit ko kusa, ita kuwa Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta da wani nau'i sai 64-bit. Wasan lafiyarsa ƙalau, ƙofar shiga ce ta toshe.

Na biyu, makullin faifai. Don hana kwafa, kamfanoni sun riƙa saka makulli irin SafeDisc da SecuROM da StarForce, wanda ke duba ko faifan asali na ciki kafin ya bar wasa ya tashi. Windows 10 tun fitowarta a 2015 ba ta yarda da SafeDisc ba, kuma a watan Satumbar shekarar Microsoft ta tura sabuntawar da ta kashe shi a Vista da 7 da 8 saboda kafar tsaro da ke jikinsa. Need for Speed Underground 2 da Most Wanted na 2005 wannan ne ciwonsu. Faifan GT Legends kuwa StarForce ne a kansa, tsohon nau'in da ba ya jituwa da Windows ta yanzu.

Na uku, hoto. Grand Prix Legends an gina shi ne a zamanin katin hoto na Voodoo da Rendition, kamfanonin da suka yi su ma babu su yau. Wasannin da suka biyo baya suna magana da katin hoto ta yaren Windows da ake kira DirectX, nau'i na 7 ko 8 ko 9. Alamar wannan ciwo ita ce baƙin allo da sautin inji a bayansa, ko titi ya ɓace mota na shawagi a sarari, ko hoto ya miƙe taya ta koma kamar ƙwai.

Wasa ɗaya yana iya haɗa biyu. Ka fara gano wanne ne naka.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kuɗi, kuma a wurinmu kuɗi ba farashin kaya kaɗai ba ne: akwai data, akwai kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, akwai fetur ɗin janareta ko nauyin da za ka ɗora wa batirin sola. Sai ƙarko, wato idan ya tashi yau, zai tashi baɗi? Sai sauƙi, ga mutumin da bai wuce kwafa da liƙawa ba. Sai haɗari, ga kwamfutar da abin da ke cikinta.

Na biyar shi ne wanda ake mantawa, alhali ga irin waɗannan wasanni ya fi duka: jin mota. Wasan kwaikwayon tuƙi ba irin wanda za ka take totur ka doki gini ka ci gaba ba ne. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a rairayin hanyoyinmu ya san lokacin da tayar baya ke fara zamewa, jikinsa ke gaya masa kafin idonsa ya gani, ya gyara kan babur nan take. Haka Richard Burns Rally yake, wanda aka sa wa sunan Baturen Ingilan da ya ci gasar rali ta duniya a 2001. Idan hoto ya makara da ƙiftawar ido tsakanin murza sitiyari da juyawar mota, ka tafi daji. Hanyar da ta tashi wasan amma ta kashe wannan jin, a wurina ba ta yi aiki ba.

Hanya ta ɗaya: gyara shi a kan Windows ɗin da kake da ita

A nan zan daɗe, domin a nan mafi yawan mutane za su sauka.

Ka fara da masu sauƙi. Kada ka ɗora wasan a cikin Program Files, Windows ta yanzu tana hana tsofaffin manhajoji rubutu a can, sai ka ga wasa ya ƙi ajiye saitinka. Buɗe masa folda tasa, misali C:\Wasanni. Sannan ka danna dama a kan fayil ɗin wasan, Properties, Compatibility, ka zaɓi Windows XP, ka sa alama a wurin da zai tashi da ikon mai gida. Gaskiya wannan mataki ya fi suna fiye da aiki, amma kyauta ne kuma minti ɗaya ne.

Idan ya ce bai ga wani fayil mai suna irin d3dx9_30.dll ba, kada ka je neman fayil ɗin shi kaɗai a shafukan da ba ka sani ba. Akwai kunshin DirectX na watan Yunin 2010 a shafin Microsoft, bai kai megabait 100 ba, shi ke zuba su duka. Ka sauke sau ɗaya ka adana a filashi, zai yi maka shekaru. Wasu wasannin kuma DirectPlay suke nema, yana nan cikin Windows a kwance, sai dai a tashe shi daga Windows Features, ƙarƙashin Legacy Components.

Babban makamin ciwon hoto shi ne dgVoodoo2, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da wani ɗan ƙasar Hangare ke yi. Aikinta tafinta: wasan ya yi magana da tsohon yare, Glide na katin Voodoo ko tsohuwar DirectX, ita ta juya wa katin hoton yanzu da DirectX 11 ko 12. Ba ɗora ta ake yi ba. Za ka buɗe kunshin, ka shiga foldar MS, sannan x86, ka kwafo fayilolin da ke ciki kamar DDraw.dll da D3D8.dll da D3D9.dll zuwa inda fayil ɗin wasan yake. Idan na Glide ne, foldar 3Dfx za ka shiga. Ka haɗa da dgVoodooCpl.exe, nan ne za ka daidaita girman hoto ka cire tambarin da take liƙawa a kusurwar allo. Idan ba ta yi maka ba, goge fayilolin, komai ya koma yadda yake. Wannan sauƙin janyewa shi ne abin da na fi so game da ita.

Akwai takwararta DXVK, sai dai tana buƙatar katin da ya san Vulkan, wani sabon yaren hoto. Laftof ɗin tokumbo masu Core i5 zuriya ta 2 ko ta 3 da suka cika hannun mutanenmu ba su da shi, don haka kada ka wahalar da kanka.

Ciwon mashigi kuma ana yi masa dabara biyu: ko a ɗora wasan a tsohuwar kwamfuta a kwafo foldar gaba ɗaya, ko a yi amfani da winevdm, wadda ke tashin manhajojin 16-bit a Windows mai 64-bit. Manyan wasannin ma masoyansu sun hutar da kai. Grand Prix Legends yana da mashigi na zamani da masoya suka haɗa, da GEM+ da ke tashinsa. Grand Prix 4 yana da GPxPatch. Richard Burns Rally yana da RallySimFans, waɗanda suka ƙara masa motoci da hanyoyi masu tarin yawa, sai dai kayan nasu gigabait ne jibgi, sai ka yi shirin datar dare da wurin da sabis ke tsayawa.

Inda wannan hanya take cijewa shi ne makullin faifai. Kowa ya san abin da ake yi, a sauko da fayil ɗin da aka cire wa makulli, wanda yara ke kira kirak. Wasu ƙalilan kamfanin ne da kansa ya fitar da gyaran da ya cire makullin, wannan babu laifi. Sauran kuwa caca ce. Na taɓa karɓar irin wannan fayil a filashin wani yaro, na sa a kwamfutar shago don in gwada masa. Washegari duk filashin da aka kawo mini bugun takarda sai ya koma gida da fayilolinsa a ɓoye, gajerun hanyoyi kawai ake gani. Wani malamin firamare ya tsaya a bakin kanta, hularsa a hannu, yana cewa, "Malam, sakamakon jarrabawar aji shida ne fa a ciki." Na dawo masa da su, amma wuni biyu na yi ina wanke kwamfuta ina ba mutane haƙuri. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani abin da ke ƙara rikita lamarin, manhajar tsaron Windows takan yi kuskure ta kama dgVoodoo2 ta gaskiya a matsayin bairos, sai mutum ya saba da kashe tsaro, ranar da na gaskiyar ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe. Ka sauke daga shafin mai ita kawai.

Shi kuwa StarForce, idan faifai ya nemi ya ɗora maka direbansa a Windows 10 ko 11, ka ce a'a. Direba a nan ba mai tuƙi ba ne, 'yar manhaja ce da ke shiga can cikin ƙashin Windows, kuma tsohuwa irin wannan ba wurin zamanta ba ne.

Ƙarko matsakaici ne: babbar sabuntawar Windows ko ta katin hoto tana iya dawo da kai baya, amma idan ka ajiye kwafin foldar da ke aiki, gyaran ba ya wuce rabin awa. Jin mota kuwa babu na biyunsa, domin wasan yana taka katin hoton kai tsaye.

Hanya ta biyu: sayen sabon bugu

Wasu daga cikin wasannin an sake fitar da su a Steam, shagon sayar da wasanni ta intanet, ba tare da tsohon makullin ba: GTR 2, GT Legends, RACE 07, rFactor. Ga mai ciwon makulli wannan ce hanya mafi tsafta. GTR 2 da GT Legends 'yan daloli ne, kuma farashi yana ƙara faɗuwa a rangwamen ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba.

Wahalar ba kuɗin ba ce, biyan ne. Sai da katin da ke saye a waje, abin da ba kowane mutumin ƙauye ke da shi ba, sai a nemi ɗan uwa a birni. Ita kanta Steam tana son sabunta kanta a kai a kai, kuma ba ta tambayar ko datarka ta kusa ƙarewa. Akwai yanayin amfani ba intanet, ka shiga sau ɗaya ka kunna shi tun kana da sabis, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu biyu kuma a sani. GTR 2 na Steam babu motocin Ferrari da Porsche a ciki saboda batun lasisi, alhali suna cikin na faifai. Sannan ba duk wasa ake samu ba: Richard Burns Rally da Grand Prix Legends da Grand Prix 4 da tsofaffin Need for Speed ɗin nan biyu ba a sayar da su a can. Sabon bugu kuma makulli kawai ya cire maka, idan da ciwon hoto sai ka koma hanya ta ɗaya.

Hanya ta uku: kwamfuta a cikin kwamfuta

Wannan ita ce ta fi daɗin ji a baki. Ka ɗora VirtualBox ko VMware, ka gina Windows XP a cikin taga, wasan ya ɗauka yana gida. Makulli da bairos duk suna cikin akwati, idan ya lalace ka goge ka sake. Kuɗi babu: VirtualBox kyauta ce, VMware Workstation Pro ma ta zama kyauta tun 2024, sai dai sai ka buɗe asusu kafin ka sauke.

A aikace, ga wasan tsere, ita ce ta fi ba ni kunya. VirtualBox tun nau'i na 6.1 ta daina ba XP taimakon hoton 3D, wato dai wasan mota ya fita daga lissafi. VMware tana yi har DirectX 9, kuma a kwamfuta mai ƙarfi ba laifi. Amma laftof mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 da ke ɗauke da Windows 10 tana numfashi da ƙyar, ka ce ta goya wata Windows, ta goya wasa? A watan Afrilu, zafi ya haura 40, ƙarƙashin rufin kwano, fanka za ta yi ta kuka har kwamfutar ta rage gudu don ceton kanta, batir ya zube kafin a gama zagaye biyar. Ga kuma makarar nan da na ambata: sitiyari sai ya ratsa Windows ta waje kafin ya isa ta ciki. Wasu makullan ma suna gane ba na'urar faifai ta gaskiya ba ce, su ƙi buɗewa.

Akwai 'yan uwanta biyu da ya kamata a ware. DOSBox, don wasannin zamanin DOS irin Grand Prix 2 na 1996 da IndyCar Racing II, ƙarama ce, kyauta ce, kusan kowace kwamfuta tana ɗaukarta, kuma ga waɗannan wasanni babu ma wata hanya da ta kama ƙafarta. Su kuwa PCem da 86Box suna kwaikwayon tsohuwar kwamfutar ce sukutum, har da katin Voodoo. Aikinsu yana da kyau, amma suna cin ƙarfin inji kamar gara, ba na laftof ɗin tokumbo ba ne.

Hanya ta huɗu: tsohuwar kwamfuta daban

A bar tsoho a gidansa. Kwamfutar tebur mai Core 2 Duo, irin Dell OptiPlex 760 ko 780 ko HP dc7800, tana da direbobin XP cikakku, kuma irinsu ba sa wuyar samu wurin masu tokumbo a Kano, wajen titin Beirut. Galibi kuɗinta ba ya kai na ƙaramar sabuwar wayar Android. Ka duba gefenta, da yawa suna zuwa da takardar lasisin Windows a liƙe. A nan duk ciwon uku sun warke lokaci ɗaya: XP mai 32-bit tana karanta mashigin 16-bit, makulli yana aiki yadda aka gina shi, DirectX 9 kuwa yarenta ne na gado. Tsofaffin sitiyari irin Logitech MOMO da Driving Force ma a nan suka fi sakewa.

Amma kada a ruɗe ka da farashin akwatin kaɗai. Katin hoton da ke haɗe da allon uwa, wato babban allon cikin akwatin, a waɗannan kwamfutoci rarrauna ne, sai ka ƙara kati, ko da GeForce 9500 GT ne ko Radeon HD 5450, kuma idan akwatin siriri ne sai kati gajere. Ga allo, ga kibod, ga kuɗin mota daga Yankaba da kaya a cinya. Idan mai shago ya tura maka Pentium 4 don ta fi araha, ka wuce, zafinta da shan wutarta ba na gidan sola ba ne.

Wutar ce babbar magana. Cajar laftof yawanci wat 65 ce, kuma ita laftof ɗin tana da batir a ciki. Kwamfutar tebur da allonta suna ninka haka, sannan da an ɗauke wuta ta mutu nan take, tseren da ka yi rabin awa kana yi ya tafi, wani lokaci har da faifan ajiya. Sai da inbata ko ƙaramin batirin tsaro a tsakani. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Ni duk wata nakan buɗe tawa in busa ta, in duba ƙananan gwangwanayen da ke kan allon uwa ko kansu ya kumbura, domin kumburin nan shi ne furfurar kwamfuta. Idan ta fara manta kwanan wata, batirin CR2032 ne, na 'yan canji.

Haɗarinta ɗaya ne, kuma maganinsa ɗaya: Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020. Kada ta ga intanet, kada kowane filashi ya shige ta sai naka. Wannan yana nufin ba za ka haɗa ta da hanya ta biyu ba, don ko ka so, Steam ta rufe wa XP ƙofa tun farkon 2019, ta rufe wa 7 a farkon 2024.

Masu tambayar ko za a raba faifan sabuwar laftof biyu a sa XP a gefe, a bar maganar. Daga zuriya ta 4 ta Intel zuwa sama babu direbobin XP na kirki.

Hanya ta biyar: Linux da Wine

Wannan ta fara jan hankalina ne saboda Windows 10 ma an daina ba ta sabuntawa ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin kwamfutocin hannunmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux Mint, tsarin da ke maye gurbin Windows a kwamfuta, kyauta ce, kusan gigabait 3 ce a sauke, tana tafiya da sauƙi a tsohuwar laftof. Wine na tashin manhajojin Windows a kanta, har da masu 16-bit, Lutris kuma tana rage wahalar saiti. Sitiyarin Logitech G27 da G29 Linux ta san su da kanta. StarForce dai ba ya aiki a nan ma.

Matsalarta ta mutane ce. Idan ka maƙale, babu wanda za ka kai wa a faɗin ƙaramar hukumar, ni ma sai na zauna na yi karatu. Kuma ɗalibin da malaminsa zai ce a kawo aiki da wata manhajar Windows, kada wasa ya sa ya jefa kansa a rami.

A taƙaice a tebur

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Jin mota |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara a Windows 10 ko 11 | Kyauta, data kaɗan | Matsakaici | Matsakaici | Kaɗan, sai in an taɓa kirak | Mai kyau ƙwarai |
| Sabon bugu a Steam | 'Yan daloli da data | Mai kyau | Sauƙi bayan an biya | Kaɗan | Mai kyau ƙwarai |
| VMware ko VirtualBox | Kyauta, amma sai inji mai ƙarfi | Mai kyau | Da wuya | Kaɗan | Rauni |
| DOSBox, don wasan DOS | Kyauta | Mai kyau | Matsakaici | Babu | Daidai |
| Tsohuwar kwamfuta | Mafi tsada, ga wuta | Gwargwadon kula | Sauƙi | Babba in ta ga intanet | Yadda aka gina shi |
| Linux da Wine | Kyauta, data da yawa | Mai kyau | Da wuya | Kaɗan | Mai kyau |

Wata 'yar magana a gefe game da hannun wasa, tunda sitiyari ba kowa ke da shi ba. Hannayen USB masu araha na kasuwa, masu kama da na PlayStation 2, tsofaffin wasanni sun fi gane su fiye da na Xbox, domin da tsohon tsarin DirectInput suke aiki. Kafin ka zargi wasa, danna maɓallin Windows da R, rubuta joy.cpl, ka ga ko sandar tana motsi a hankali ko tsalle take yi daga tsakiya zuwa ƙarshe. Idan tsalle take, danna maɓallin Analog da ke tsakiyar hannun har jar fitila ta kama. Na ga wanda ya yi wata guda yana cewa wasan ya lalace, ashe fitilar nan ce a kashe. Da kibod kuwa, Richard Burns Rally azaba ce kawai.

Wa ya kamata ya bi wacce

Ɗalibi ko ma'aikaci mai laftof guda, wadda karatu ko abincinsa ke ciki: hanya ta ɗaya, kuma idan makulli ne ciwon, ta biyu. Idan wasan ba a sayar da shi kuma babu gyaran kamfani, ka haƙura da shi a wannan kwamfutar.

Mai gidan gem, ko mai shago irina da yara ke biya su buga: tsohuwar kwamfuta, ba ja. Ba ta neman data, ba ta sabunta kanta ranar kasuwa da layi a ƙofa, kuma idan ka ajiye kwafin faifan ajiyarta, duk ɓarnar da yaro ya yi awa ɗaya ce ta gyara. Ka dai yi lissafin wuta kafin ka yi na ciniki. In Gran Turismo 4 yaran ke so, wannan na PlayStation 2 ne, na'urar kanta za ka nema.

Mai tarin faifai na asali da ke son su yi aiki yadda suke, da makullinsu da komai: shi ma tsohuwar kwamfuta.

Mai wasan zamanin DOS: DOSBox, ya huta.

Mai sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, da wuta tsayayya, da wasan da ya ƙi duk wata dabara: ya gwada VMware, ko 86Box in wasan na zamanin Voodoo ne. Shi kaɗai nake ba wannan shawara.

Mai tsohuwar laftof da Windows 11 ta ƙi, wanda ba ya tsoron karatu kuma yana da wata na'urar ta aiki: Linux.

Shi ɗan ƙanen nawa, makulli ne ciwonsa. Na hana shi ɗora direban faifan, na cire abin da ya riga ya ɗora, muka kira yayarsa da ke aure a Kano ta saya masa na Steam da katin mijinta. Ya sauke da datar dare a kan dakalin masallaci, inda sabis ya fi tsayawa. Faifan kuma na karɓe abina na mayar cikin tsohuwar Dell ɗin da ke ƙarƙashin kanta.

"Baffa, sitiyarin fa? Ko na sati biyu."

"Ka kawo mini sakamakon zangon farko tukuna."